BADAGIRI: GARIN MASUNTA DA KE DA SAWUN KAKANNINMU

Daga Wakilinmu

Akwai 'yan'uwanmu da yawa a nan Ikko waɗanda suka yi shekara goma ko ashirin suna neman abinci a Agege, ko Idi-Araba, ko Mile 12, amma in ka tambaye su ko sun taɓa tsayawa a bakin teku sun dube shi da idonsu, sai su ce sun dai hango ruwa daga kan gada. Daga gida sai kasuwa, daga kasuwa sai masallaci, in salla ta zo a hau mota a yi Arewa. Wannan ne ya sa a wannan makon muka ga ya kamata mu kai ku wani gari da ke nan kusa, wanda mutum zai iya zuwa da safe ya komo da yamma, watau Badagiri. Gari ne na masunta, akwai kifi, akwai iska mai daɗi, akwai kwakwa har ido ya gaji. Amma abin da ya fi waɗannan duka shi ne, akwai tarihin da ya shafe mu kai tsaye, wanda da yawanmu ba su taɓa jin sa ba.

HANYA

Badagiri tana yamma da Ikko, tafiyar kamar mil 40 ce, kuma daga can zuwa Seme, iyakarmu da Jamhuriyar Binin, 'yar tafiya ce kaɗan. Ana samun mota a Mile 2. Wanda ya fito daga tsakiyar Ikko yana iya hawa jirgin ƙasan nan da aka buɗe a 2023 daga Marina ya sauka a Mile 2 ɗin. Daga nan babban titi ne ɗoɗar, a wuce filin baje koli, a wuce Ojo da Alaba Rago inda 'yan'uwanmu masu dabbobi suka kafa kasuwa, a wuce Okokomaiko da Agbara, har a iso shataletalen Badagiri. Shawarar da za mu bayar ita ce a yi sammako, domin in rana ta ɗaga cunkoson motoci yakan mai da tafiyar awa ɗaya da rabi ta koma awa uku. Haka kuma kowa ya riƙe katinsa na shaida, saboda hanyar iyaka ce, shingayen jami'an tsaro ba su da wuyar gani.

Ainihin masu garin su ne Ogu, waɗanda Yarabawa ke kira Egun, 'yan'uwan mutanen Ajashe da ke ƙetaren iyaka, sai kuma Awori daga cikin Yarabawa. Sarautar garin sunanta Akran. Akwai Musulmi da yawa, masallaci ba ya wuyar samu, kuma in ka shiga babbar kasuwarsu ta Agbalata za ka iske namu suna sayar da albasa da tattasai da wake, kamar ko'ina.

RUWA BIYU

Abu na farko da baƙo zai lura da shi shi ne garin ba a bakin teku yake kai tsaye ba. Ruwa biyu ne. Na farko wani dogon tafki ne mai kama da kogi, kwance lumui a gaban gari, wanda ya miƙe daga Ajashe a yamma har ya haɗe da ruwan Ikko a gabas. Kogin Yewa yana zuba a cikinsa, saboda haka da damina ruwansa na daɗi ne, da rani kuwa yakan ɗan yi zartsi. In ka haye wannan tafki sai ka iske siririn tudun rairayi cike da itatuwan kwakwa, a bayansa kuma sai babban teku, watau Atilantika, mai rugugi dare da rana.

Kowane ruwa da masuntansa. A tafki za ka ga mutum ɗaya ko biyu cikin ƙaramin kwalekwale, ɗaya yana tuƙi ɗaya yana jefa birgi, daidai yadda Sarkawa ke yi a Argungu ko Yawuri. Akwai masu kalli, akwai masu mamari, akwai masu kafa gura. Amma akwai wata dabara da ba mu saba gani a gida ba, wadda suke kira akaja. Sai a sami wuri marar zurfi a kakkafa rassan itatuwa da yawa a cikin ruwa, a bar su watanni. Gansakuka ta kama rassan, kifi ya zo ci, ya sami maɓoya, ya hayayyafa a wurin. In lokaci ya yi sai a kewaye wurin da taru, a cire rassan ɗaya bayan ɗaya, a kwashe kifi. Watau noma ne a cikin ruwa, kowa da gonarsa, kuma kowa ya san iyakarsa. Yawancin abin da ake samu a nan karfasa ce da wani irin tarwaɗa mai farin jiki, sai ƙaguwa da jatan lande.

Su na teku kuwa aikin taron dangi ne. Jiragensu manya ne, an sassaƙa su daga gungumen itace guda an ƙara musu katako a gefe, an ɗaura inji a baya. Da yawa daga cikin masu wannan sana'a a gaɓar Ikko asalinsu daga Ghana da Togo ne da Binin, sun daɗe a nan har sun yi 'ya'ya da jikoki. Da asuba sukan bar bakin igiya ɗaya a tudu, jirgi ya keta igiyar ruwa ya shiga teku yana sakin taru, ya yi da'ira ya komo da ɗaya bakin. Daga nan sai maza su yi layi biyu su yi ta ja, suna waƙa suna buga ƙafa a rairayi, awa biyu ko uku kafin jakar tarun ta iso. Duk wanda ya sa hannu ya taya ja, ko da baƙo ne mai wucewa, ba ya tafiya hannu rabbana, sai an ɗebo masa na miya.

Da kifi ya taɓa tudu, sauran aiki na mata ne. Su ke ciniki, su ke ba masu jirgi bashin kuɗin mai, su ke banda. Za ka ga rabin ganguna da tandunan laka jere a ƙarƙashin rumfunan ganyen kwakwa, ana hura wuta da ɓawon kwakwa, hayaƙi yana tashi. Wanda ya san yadda ake banda a Baga zai ga aikin ɗaya ne, kifin ne kawai ya bambanta.

CI DA SHA

Mun san akwai masu ƙyanƙyamin abin teku. Wani in ya ga ƙaguwa ko jatan lande sai ya ce shi ba ya cin ƙwari. To, wannan sha'ani ne na sabo, ba na addini ba, domin a mazhabarmu ta Malikiyya duk abin da ke rayuwa a teku halal ne, ba ya ma bukatar yanka. Wanda ransa bai kwanta ba sai ya tambayi malaminsa.

Kifin teku ɗanye, wanda aka fito da shi da safen nan, ba a haɗa shi da na ƙanƙara da muke saye a kwali, wanda aka kawo a jirgi daga Turai. Akwai wanda Yarabawa ke kira apo, mai farin nama da ƙarancin ƙaya, shi ya fi dacewa da gashi. Akwai kuta, dogo mai haƙora, wanda ake farfesu da shi. Akwai abo, mai faɗi kamar takalmi, idanunsa biyu a gefe guda. Sai shawa da agbodo, ƙanana masu ƙaya, waɗanda su ne abincin talaka, kuma su aka fi bandawa. Mai saye ya buɗe kunnen kifi ya duba: in ja ne jawur, ido kuma garau, to na yau ne. A saya a ba mata masu gashi su gasa a gabanka da barkono da albasa, a haɗa da teba ko agidi, a kora da ruwan ɗanyar kwakwa. Kwakwa kuwa nan ne gidanta. Tun 1876 'yan mishan na Katolika suka kafa babbar gonarta a tsibirin Topo, kuma har yau daga wannan yanki ake loda buhunan kwakwar da ake kaiwa Kano da Kaduna. Kada a manta da tsarabar ajogun, wani abin taunawa mai ƙaras-ƙaras da suke yi da rogo.

Sai dai masuntan suna da kukansu. Mai ya yi tsada, taru ya yi tsada. Doka ta hana manyan jiragen kamfani kamun kifi cikin mil 5 na ruwa daga gaɓa, amma ƙananan masunta sun daɗe suna ƙorafin cewa ana shigo musu da dare ana yayyaga musu taru. Robobi da ledojin da Ikko ke zubarwa suna cika taru maimakon kifi. Daɗin daɗawa ga wata irin kainuwa mai shuɗin fure, wadda ta fara shigowa Nijeriya ta wannan tafki na Badagiri a 1984 daga wajen Binin, kuma tun daga lokacin takan toshe hanyar ruwa a ƙarshen damina. Hausawa na cewa kainuwa dashen Allah, amma wannan kam masunta ba su yi maraba da ita ba. Ga ƙasa mai gaɓar teku fiye da mil 500, amma kifin da muke kamawa bai kai rabin wanda muke ci ba.

SAWUN MUTANENMU

Yanzu mu zo kan abin da ya fi sa mu yi wannan rubutu. Badagiri tana cikin tashoshin da Turawa suka riƙa lodin bayi zuwa ƙasashen ƙetaren teku, musamman a ƙarni na 18 da farkon na 19. Daga ina bayin suke fitowa? Hanyar fatauci ta taso daga ƙasar Hausa da Barno, ta bi ta Nufe, ta haye Kwara, ta ratsa tsohuwar daular Oyo, ta gangaro bakin ruwa. Ta wannan hanya kanwa da dawaki da tufafi suke zuwa Kurmi, kuma ta nan mutane suke zuwa a ɗaure. Yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19 sun ƙara yawansu. Ingila ta haramta wa mutanenta cinikin a 1807, amma 'yan Fotugal da Barazil suka ci gaba har wajen 1850.

Ba labarin ƙanzon kurege ba ne. A jihar Bahiya ta ƙasar Barazil, Hausawa sun yi yawan da har a 1807 hukuma ta gano suna shirin tawaye a birnin Salbado, kuma suna cikin waɗanda suka yi bore a 1809 da 1814. A babban tawayen Musulmi na 1835, wanda Yarabawa suka fi yawa a cikinsa, an sami layu da takardu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Mutanen da suka yi karatun allo irin namu ne. Ba duka ne suka bi ta Badagiri ba, akwai Ikko da Ajashe da Wida, amma gaɓar ɗaya ce, hanyar ma ɗaya.

Wani abin da 'yan makaranta ya kamata su sani shi ne, daga Badagiri Baturen nan Clapperton ya tashi a watan Disamba 1825 ya nufi Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ya bi ta Oyo da Busa da Zariya da Kano, ya rasu a Sakkwato ranar 13 ga Afrilu 1827. Tafintansa Bahaushe ne, Bagobiri, sunansa Abubakar, Turawa suna ce masa Pasko. Shi kansa bawa ne da aka sayar aka sa a jirgi, sojojin ruwan Ingila suka ƙwato shi a teku, ya yi aiki tare da su, sannan ya komo ƙasar haihuwarsa ta wannan gari. Yaron Clapperton, Richard Lander, wanda mutanenmu suka laƙaba wa Nasara Ƙarami, ya komo Badagiri shi da Abubakar a ƙarshen 1827. Masu cinikin bayi suka yi masa sharrin leƙen asiri, aka tilasta masa shan guba don a gwada gaskiyarsa, ya sha, Allah Ya yi da sauran kwanansa. A 1830 ya sake sauka a nan tare da ƙanensa John, suka tafi Busa da Yawuri, suka bi Kwara cikin kwalekwale har suka ga inda ta faɗa teku. A cikin littafin tafiyarsu sun ba da labarin malaman Hausawa da suka iske zaune a Badagiri, da yadda Musulmin garin suka yi sallar idi. Ashe ke nan kusan shekara 200 da suka wuce akwai malamanmu a wannan wuri. Mu na yanzu ba mu ne farkon zuwa ba.

WURAREN GANI

Yawancin wuraren tarihin suna jere a titin bakin ruwa, ana iya zaga su da ƙafa. A fara da gidan adana kayan tarihi da ke tsohon ofishin Di'o, wanda aka gina a 1863, shekarar da Badagiri ta shiga hannun Ingila. Daga nan sai ɗakin da iyalin Mobee suka ajiye kayan bauta: sarƙoƙin wuya, da mari na ƙafa, da ƙananan mari na yara, da wani ƙarfe da ake kulle baki da shi. Sukan bar baƙo ya ɗaga sarƙar ya ji nauyinta. Ba a fita daga ɗakin nan ana dariya.

Sai gidan Seriki Williams Abass. Bisa tarihin da zuriyarsa ke bayarwa, Bayarabe ne da aka kama yana yaro aka kai shi Barazil, ya koyi karatu da harsuna, ya komo ya zama shi ma dillalin bayi. Daga baya ya zama shugaban Musulmin garin, ya rasu a 1919, kabarinsa yana cikin gidan. Lura da sunan sarautar, Seriki, kalmarmu ce ta sarki. A gidan an ce akwai ɗakuna 40 na tsare bayi, an bar guda biyu yadda suke don baƙi su gani: ƙanana, masu duhu, da 'yar taga ɗaya can sama. Masu jagora suna nuna wata babbar laima da suka ce an musanya ta da mutum 40. A nan ne mutum zai tsaya ya yi tunani. Turawa ne suka zo da jirgi da bindiga da giya, wannan gaskiya ne. Amma wanda ya kama, da wanda ya koro, da wanda ya yi dillanci, baƙar fata ne, kuma daga Arewa har Kurmi babu wanda zai ce hannun nasa kakannin bai taɓa ba. Wanda ya san wannan ba zai raina wani don ƙabilarsa ba, domin a cikin ɗakin nan mai duhu ba a tambayi kowa garinsu ba.

Akwai kuma gidan benen 'yan mishan da aka gama a 1845, wanda ake yi wa kirari da bene na farko a Nijeriya. A ciki ana nuna tsohon Baibul na Yarabanci, fassarar da Bishop Ajayi Crowther ya yi wa aiki, shi ma 'yantaccen bawa ne. Gini ne mai kyau, ya cancanci a gani. Amma game da kirarin, sai mu ce a gyara: na farko irin ginin Turawa, i. Hasumiyar Gobarau tana tsaye a Katsina ɗaruruwan shekaru kafin nan, kuma Clapperton da kansa ya ga gidajen ƙasa masu hawa a Kano a 1824. Kusa da nan akwai alamar da aka kafa a gurbin itacen agia, inda Thomas Birch Freeman ya fara wa'azin Kirista a 1842. Itacen ya faɗi a 1959.

HAYEWA GBEREFU

Ziyara ba ta cika sai an haye tafki zuwa tsibirin Gberefu. Mintoci kaɗan ne a jirgin inji, kuma kada kowa ya shiga ba tare da rigar ruwa ba. Daga inda aka sauka sai a bi wata hanya cikin rairayi, tafiyar kamar rabin awa, ita ce hanyar da bayi suka bi. A tsakiya akwai wata rijiya da ake cewa ana tilasta musu shan ruwanta don su manta gida. A ƙarshen hanya sai teku ya bayyana gaba ɗaya, a wurin da ake kira Mashigar Ba Dawowa.

Duk da nauyin tarihin, wurin yana da kyau ƙwarai. Kwakwa jere iyakar gani, balbela da zalɓe suna kiwo a bakin tafki, shirwa tana shawagi a kan masu banda, ƙananan ƙaguwa suna tsere a rairayi suna faɗawa ramukansu. Sau biyu a kwana ruwa yakan cika ya janye, bisa jan da wata ke yi masa, ikon Allah. Kunkurun teku ma yakan fito da dare da rani ya yi ƙwai a wannan gaɓa, doka kuma ta hana kama shi.

Gargaɗi ɗaya, da babbar murya: kada wanda ya shiga tekun nan da sunan wanka. Ko kai gwanin iyo ne a Tiga ko Gulbin Kebbi, wannan ruwa daban ne. Yana da ja ta ƙarƙashi, yakan ɗauke rairayin da ke ƙarƙashin ƙafarka, kuma ya ci mutane da yawa a gaɓar Ikko, musamman matasa a ranakun salla. A tsaya inda kumfa ke taɓa ƙafa, a riƙe hannun yara.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Maris, sa'ad da ruwan sama ya ɗauke, teku ya ɗan lafa. Mai son taro kuwa sai ya zo a watan Agusta, lokacin bikin garin na tunawa da cinikin bayi, inda ake kiɗa manyan gangunan sato, dodannin zangbeto masu tsaron dare su fito. A nemi izini kafin a ɗauki hoton mutane, a yi ciniki da mai jagora da mai jirgi tun kafin a tashi.

Kiranmu ga sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyinmu da malaman Islamiyya na Ikko shi ne, a riƙa haɗa kuɗi ana ɗaukar mota guda ana kai yara. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan suna jin ana ce musu baƙi, a Arewa kuma ana ce musu 'yan Ikko. Ya kamata su ga inda Abubakar Bagobiri ya taka, su ɗaga sarƙar nan da hannunsu, su yi wa waɗanda suka tafi ba su komo ba addu'a, sannan su zauna su ci kifi tare da 'ya'yan masu garin. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Allah Ya jiƙan magabata, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya kai mu makon gobe lafiya. Amin.